Raunin da Ba Ya Jini: Ciwon Wuya Bayan Karon Mota

 Mas'alar da za mu ɗauka a shirinmu na yau ta shafi wani irin rauni ne wanda ba ya zubar da jini, ba ya barin tabo, galibi ma hoton asibiti ba ya nuna shi, amma duk da haka yana iya hana magidanci barci wata da watanni, ya hana direba waiwaye, ya hana mai talla ɗora faranti a ka. Wato raunin da ke samun wuyan mutum yayin da aka daki motar da yake ciki ta baya, kansa ya fizgu baya sa'an nan ya dawo gaba, tun bai san abin da ake ciki ba.

Bari in fara da abin da ya same ni ni kaina, tunda an ce gani ya kori ji. Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a gidan gaba na wata tasi a Kano, mun tsaya a danja muna jiran a ba mu hannu, sai wata ƙaramar mota da birkinta ya ƙi ci ta zo ta dake mu ta baya. Ba wani karo ne na a zo a gani ba: fitila ɗaya ta fashe, bayan motar ya ɗan lotsa, hulata kuwa ta tashi ta faɗa kan cinyar mutumin da ke kujerar baya. Direban, wani dattijo mai furfura, ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Na shafa jikina na ce, "Lafiya ƙalau, Baba, ko ƙwarzane babu." Aka yi 'yar hayaniya, aka ba juna haƙuri, aka ce Allah ya kiyaye gaba, kowa ya kama gabansa. Na ci tuwon dare na kwanta. Sai da asuba, da na zo sallame salla na nemi juya fuskata dama, na ji kamar an kafa mini ƙusa a dokin wuya, har sai da na juya da kafaɗuna gaba ɗaya kamar mutumin da aka sassaƙa da icce, ga kuma wani ciwon kai da ya taso daga ƙeya ya zagayo har bayan ido.

Kafin mu shiga bayanin illar, wajibi ne mu warware wani ruɗani da harshenmu ya gadar mana, domin kalmar jijiya a Hausa jaka ce da muke zuba abubuwa da dama a cikinta ba tare da rarrabewa ba: hanyar da jini ke bi jijiya ce, zaren da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa yatsa jijiya ce, agarar da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi jijiya ce, haka kuma farin zaren nan mai tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, shi ma jijiya muke ce masa. Malaman ɗibbu na Musulunci kuwa sun rarrabe su tun da daɗewa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037 ta Miladiyya, ya ba kowanne sunansa a cikin littafinsa Alƙanun, ya kira mai ɗaure ƙashi da ƙashi ribaɗi. Duk wanda ya karanci tarihin Sakkwato zai tuna da wannan kalma, don ita ce sunan garuruwan tsaron iyaka irin su Wurno inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, asalinsu kuwa ɗaya ne a Larabci, wato ɗaurewa. Ribaɗin gari yana tsare iyakar ƙasa, ribaɗin jiki yana tsare gaɓa kada ta wuce haddin da aka yanka mata. A nan dai za mu kira shi igiyar gaɓa, don sauƙin fahimta.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan mahauci yana aikin ragon layya ya ga wannan igiya da idonsa. Idan aka zo raba gwiwa, wuƙa takan ratsa nama salin-alin, har ta ci karo da wasu fararen zaruruwa masu sheƙi, sai ka ga mahaucin ya lanƙwasa gaɓar, ya sa tsinin wuƙa yana tsinke su ɗaya bayan ɗaya, da na ƙarshe ya tsinke sai ƙasusuwan biyu su rabu kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Ku lura da launinsu. Nama ja ne saboda yalwar jinin da ke ratsa shi, igiyar gaɓa kuwa fara ce saboda ƙarancinsa, kuma da yake jini shi ne ke kawo kayan gyara zuwa inda aka yi ɓarna, shi ya sa yankan nama kan haɗe cikin 'yan kwanaki, alhali igiyar da ta yage takan ɗauki makonni kafin ta kama, ta ɗauki watanni tana ƙara ƙwari, wani lokaci har shekara. Abu ɗaya da na baya suka gyara wa Ibnu Sina shi ne, shi ya tafi a kan cewa ribaɗi ba ya jin komai, amma bincike ya tabbatar da cewa akwai ƙananan jijiyoyin ji a cikinsa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa inda gaɓa take, su kuma kai mata ƙara idan an ja ta fiye da ƙima.

To, wuyan ɗan Adam ƙasusuwa 7 ne aka jera wani bisa wani, kuma daga cikin abubuwan mamaki na halitta, raƙumin dawa da duk tsawon wuyansa shi ma 7 ɗin ne gare shi. A kan wannan jeri aka ɗora kai, wanda nauyinsa ya kai kamar kilo 5, kwatankwacin kankana matsakaiciya. Daga ƙashi na biyu zuwa ƙasa, tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai matashin guringuntsi ta gaba, ta baya kuma akwai wasu ƙananan gaɓoɓi biyu, dama da hagu, kowace ba ta fi farcen yatsa faɗi ba, an lulluɓe ta da jakar igiya. Ku riƙe zancen waɗannan ƙananan gaɓoɓi, don za mu dawo kansu. Amma inda hikimar ta fi bayyana shi ne ƙasusuwa biyu na can sama. Na farko zobe ne kawai, kamar gammo, kai na zaune a kansa. Na biyu yana da wani tsini mai kama da haƙori da ya miƙe ya shiga cikin zoben, zoben yana juyawa a kansa kamar ƙyaure a kan turkensa, kuma kusan rabin duk waiwayen da mutum ke yi a wannan gaɓa guda ake yin sa. Abin da ke riƙe da haƙorin a mazauninsa wata igiya ce da ta gitta ta bayansa, da wasu biyu da suka tashi daga kansa kamar fikafikai suka kama gindin ƙoƙon kai. A bayan wannan igiya kuwa, da tazarar da ba ta taka kara ta karya ba, laka ce ke wucewa, wadda ta cikinta ne umarnin motsa hannu da ƙafa da ma na jan numfashi ke sauka.

Yanzu sai mu duba abin da ke faruwa a lokacin karo. Idan aka daki mota ta baya, kujera ce ke tura gangar jiki gaba da ƙarfi, shi kuwa kai, saboda nauyinsa, sai ya tsaya inda yake na ɗan wani lokaci, kamar yadda tulu kan so zamewa baya idan wadda ta ɗauko shi ta zabura ba shiri. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka da wasu a Japan sun nuna, a shekarun 1990, cewa a wannan ɗan tsakani, wanda bai fi kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, wuya yakan ɗauki wata siffa da ba ya taɓa ɗauka a rayuwar yau da kullum, siffar harafin S na boko: ƙasansa ya lanƙwashe baya, samansa ya lanƙwashe gaba, ƙananan gaɓoɓin nan na baya su matse juna, jakarsu ta ja, igiyoyin gaba su miƙe. Bayan haka ne kai ke tafiya baya gaba ɗaya, sa'an nan ya dawo gaba. Duk wannan yana ƙarewa kafin rabin sakan, tsokar wuya kuwa, wadda ita ce dogarin da ya kamata ya kare, sai an gama ɓarna take farga. Wannan fizga ce ta sa wani likitan ƙashi na Amurka, Harold Crowe, a wani taro a San Faransisko a shekarar 1928, ya kamanta ta da kaɗawar bulala, sunan kuwa ya bi ta har yau a bakin Turawa. Kafin zamanin mota ma an san irinta a haɗurran jirgin ƙasa, har wani likitan fiɗa na Landan, John Erichsen, ya rubuta littafi a kai a 1866.

Dalilin da ya sa na tashi daga wurin karo ina cewa ko ƙwarzane babu shi ne, firgita kan danne zafi a sa'o'in farko, kumburi kuma a hankali yake taruwa, shi ya sa ciwon kan bayyana bayan wasu sa'o'i, ko washegari, wani lokaci ma sai bayan kwana biyu. Saboda haka kada wanda ya yi karon ya zargi ɗan'uwansa da ƙarya ko neman kuɗin magani don ya dawo washegari yana riƙe da wuya. Ɗabi'ar wannan rauni ke nan.

A shekarar 1995 wani kwamitin masana a lardin Kwibek na Kanada ya kasa wannan rauni daraja-daraja, kuma har yanzu da rabonsu ake aiki. Akwai wanda bai ji komai ba. Akwai mai ciwo da sanƙarewa amma likita bai ga wata alama a zahiri ba. Akwai wanda wuyansa ya kasa juyawa sosai kuma akwai inda in an danna yake zabura. Akwai wanda abin ya taɓa masa jijiyar ji, hannunsa yana mutuwa ko ƙarfinsa ya ragu. Sai daraja ta ƙarshe, wadda ƙashi ya karye ko ya goce. Mafi yawan mutane a ta biyu da ta uku na wannan jeri suke, wato targaɗe ne, igiya ta ja ko wasu zaruruwanta sun yage amma ba ta tsinke ba, tana nan riƙe da amanarta. Wannan rarrabewa tsakanin targaɗe da gocewa ba sabuwa ba ce, domin a wata takardar likitanci ta mutanen Masar ta dā, wadda aka rubuta kimanin shekara 3,600 da suka wuce, marubucin ya sa targaɗen ƙashin wuya cikin cututtukan da zai yi wa magani, ya sa gocewar da ta kashe hannuwa da ƙafafu cikin waɗanda ba shi da dabara a kansu.

A nan ne nake roƙon mai sauraro ya tattara hankalinsa, don wannan shi ne babin da kuskure a cikinsa ba ya gyaruwa. Idan igiya ta tsinke gaba ɗaya, gaɓa takan rasa mai tsare mata haddi, ƙashi ya riƙa zamewa a kan ɗan'uwansa, abin da likitoci ke kira rashin tabbatar gaɓa; a gwiwa ko idon sawu illarsa ita ce mutum ya ji ƙafa tana kuɓuce masa, amma a wuya abin da ke gefen zamewar laka ce. Ma'aunin da likitoci ke dubawa ƙanƙane ne ƙwarai: idan tazarar da ke tsakanin zoben farko da haƙorin nan ta wuce milimita 3 a jikin baligi, ko wani ƙashin wuya ya zame gaba da fiye da milimita 3 da rabi, to, sai su ɗauka igiya ta saki. Irin wannan nadiran yake aukuwa a ƙaramin karo, amma yana da alamomi, kuma duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu kada ya jira gari ya waye: mutuwar hannu ko ƙafa, ko jin kamar kiyashi na bi; raunin riƙo, har kofin shayi ya suɓuce; tangaɗi a tafiya; kasa riƙe fitsari ko bayan gida; jin kamar wutar lantarki ta ratsa gadon baya idan an sunkuyar da kai; ko mutum ya ji ba zai iya zama ba sai ya tallafe kansa da hannu biyu. Kazalika ganin abu ɗaya ya zama biyu, da harɗewar harshe, da wahalar haɗiya, da hajijiya mai tsanani, domin akwai jijiyoyin jini biyu da ke bi ta ramukan da ke gefen ƙasusuwan wuya su kai jini ƙwaƙwalwa, kuma fizga tana iya yaga bangonsu ta ciki har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya kai shekara 65, da wanda mota ta ƙundumbala da shi ko ta wurgo shi waje, da wanda ya suma ko da na ɗan lokaci ne, da mai ciwon sanyin gaɓoɓi irin wanda ke lanƙwasa yatsu, duk waɗannan hukuncinsu a kai su asibiti a ɗauki hoto, ko da sun rantse lafiyarsu ƙalau.

Akwai wata al'ada tamu a wurin haɗari wadda niyyarta alheri ce amma sakamakonta kan zama musiba, ita ce jama'a su yi caa a kan wanda ya jikkata, wannan ya ja hannu, wancan ya ja ƙafa, a zaunar da shi, a ɗaga kansa a ɗura masa ruwa, sa'an nan a naɗe shi a cusa a Adaidaita Sahu kansa na reto. Mutumin da igiyarsa ta tsinke amma lakarsa ba ta taɓu ba, yana iya barin wurin haɗari da ƙafafunsa na motsi, ya isa asibiti sun mutu, ba don karon ba, sai don ɗaukar da aka yi masa. In ba wuta ce ta tashi ko wata halaka ke tafe ba, a bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe shi da tafin hannu biyu daidai da gangar jiki, kada a cire hular kwano sai in ta hana numfashi, kada a ba shi ruwa, a kira jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122. In kuwa ɗauka ta zama dole, a samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su mirgina shi a kai gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu suna tafiya tare.

Da wuyana ya sanƙare, yayana ya zo duba ni ya ce, "Kai dai tashi in kai ka wurin mai ɗori, ya ja maka shi sau ɗaya ka huta." Na ce, "Yaya, a yi mini afuwa, bari likita ya fara gani." Ba raina masu ɗori nake yi ba, sana'a ce ta gado, kuma mutanen karkara da yawa ba su da wanda ya fi su kusa. Amma hannu, kome gwanintarsa, ba ya ganin igiyar da ke bayan haƙorin nan, kuma ja ko murɗa wuyan da bai tabbata ba caca ce da laka. Haka nan masu aski da masu tausa da ke kama kan mutum su murɗa har ya yi ƙara, wanda ya yi haɗari kwanan nan ya ce musu a'a.

Likitan da ya duba ni ya bi tsakiyar dokin wuyana da yatsa yana dannawa ƙashi bayan ƙashi, ya gwada ƙarfin hannuwana, ya sa na juya kai dama da hagu iyakar iyawata, daga bisani ya ce ƙashi lafiya, targaɗe ne. Na ce ko za a ba ni kwalar soson nan da ake ɗaura wa wuya, sai ya girgiza kai. A lokacin na ji haushi, don a ganina wanda aka sallama ba kwala ba allura kamar ba a ɗauki ciwonsa da muhimmanci ba ne. Daga baya na gane hujja tana wajensa. A birnin Trondheim na ƙasar Norwe an taɓa raba mutum 201 da suka yi irin wannan karo gida biyu, aka ba kashi ɗaya kwala da hutun aiki na mako biyu, aka ce wa ɗaya kashin su ci gaba da harkokinsu kamar kullum, kuma sakamakon da aka buga a 1998 ya nuna cewa bayan wata 6 waɗanda suka ci gaba da motsi sun fi samun sauƙi. Sababin a fili yake: tsokar da aka ɗaure takan rame, gaɓar da ba ta motsi takan ƙage, igiyar da ke warkewa kuma tana buƙatar ɗan ja na hankali don zaruruwanta su jeru. Kwamitin Kwibek ma bai yarda a wuce kwana 3 da kwalar soso ba. Wannan hukunci na mai targaɗe ne wanda likita ya tantance. Wanda aka samu gaɓarsa ta saki, shi kwala mai tauri ake sa masa na makonni, ko a yi masa aiki a ɗaure ƙasusuwan da ƙarfe, a manyan asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa.

Abin da ya rage wa mai targaɗe kaɗan ne, kuma ba shi da tsada: farasitamol, ko maganin kumburi irin ibuprofen in ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda kuma ba mace mai ciki ba ce, gashi da tsumma da ruwan ɗumi bayan kwanakin farko, matashin kai ɗaya maras tudu, da juya kai a hankali dama da hagu, sama da ƙasa, sau da yawa a yini, har inda ciwo ya fara magana, ba tare da an yi masa dole ba. Mai ɗaukar kaya a ka ya ɗan dakata da tulu da buhu. Tramol kuwa, wanda wasu ke saya a kemis ba takardar likita, a nisance shi, don mutane da yawa ta ƙofar ciwon gaskiya suka shiga shansa suka kasa fita. Game da salla, shari'a ta yi rangwame: wanda sujada ke tsananta masa ciwo yana iya yin nuni, juya kai a wajen sallama kuwa ba farilla ba ne. In mako biyu ko uku suka wuce ba sauƙi, a nemi likitocin gashin ƙashi, su ne ke koyar da motsin da ke farfaɗo da ƙananan tsokokin cikin wuya.

Sai dai ba zan ɓoye muku ba, ba kowa ke warkewa sarai ba. Yawancin sauƙin da za a samu a wata 3 na farko ake samunsa, kuma bincike ya nuna kusan rabin waɗanda abin ya sama sukan ce suna jin wani abu a wuya ko bayan shekara, ko da yake mafi yawansu ba ya hana su aiki. Mata kuma sun fi maza kamuwa. A kan sababin wannan daɗewa malaman likitanci sun yi saɓani mai tsawo. Wasu sun kafa hujja da wani bincike na 1996 a ƙasar Lituweniya, inda a lokacin ba a saba biyan diyyar irin wannan rauni ba, aka tarar waɗanda suka yi karo ba su fi sauran jama'a yawan ciwon wuya mai daɗewa ba, suka ce ashe tsoro da tsammani da shari'ar diyya ne ke raya ciwon. Wasu kuma suka kafa hujja da aikin Nikolai Bogduk da abokansa a Newcastle ta Ostireliya, waɗanda suka riƙa kashe jijiyar ji ta ƙananan gaɓoɓin nan na baya da allura, ɗaya bayan ɗaya, suka tarar a kusan rabin masu ciwo mai daɗewa daga nan yake fitowa, alhali hotonsu bai nuna komai ba. Abin da na fi karkata gare shi shi ne kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya: raunin na jiki ne haƙiƙatan, amma wanda ya sakankance cewa wuyansa ya lalace har abada, ya daina motsi, ya daina barci, yana ganin karon a mafarki, ciwonsa ya fi daɗewa, kuma shi ma wannan firgici abin a kai wa likita ne, ba abin kunya ba.

Daga nan ne kuma wata fitina ke ɓullowa, ta masu gaya wa duk mai ciwon wuya cewa igiyoyinsa sun saki, su nuna masa wani ɗigo a hoton maganaɗisu, su ce sai an yi masa allurai masu tsada na ruwan sukari ko na jininsa don igiya ta ɗaure. An taɓa zaton irin waɗannan alamomi a igiyoyin fikafikan nan shaidar rauni ne, sai aka dawo aka same su a wuyan mutanen da ba su taɓa yin haɗari ba. Allurar kuwa, hujjar amfaninta a wuya ba ta kai matsayin yaƙini ba. Kada mutum ya sayar da gonarsa a kan zato.

Saura magana ɗaya, ta rigakafi. Abin nan da ke saman kujerar mota, wanda da yawanmu muka ɗauka matashin hutawa ne, an sa shi ne musamman don ya tare ƙeya kafin wuya ya lanƙwashe. Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci tun 1969, kamfanonin Saab da Volvo na Suwidin kuma suka fito da kujerun da ke tarbar kai da kansu a 1997 da 1998. Amfaninsa yana ga daidaita shi: samansa ya yi daidai da tsakar kai, tazararsa da ƙeya kada ta wuce faɗin yatsu uku, don in ya yi ƙasa sosai sai ya zama wurin da wuya zai karye a kansa maimakon ya tsare shi. Bel kuma a ɗaura, ko da yake ba ya hana wannan fizga, yana hana wadda ta fi ta muni. Mai tuƙi kuma ya bar tazara tsakaninsa da na gabansa, ya ajiye waya.

Ni dai sai da na yi kusan kwana arba'in kafin na sallame salla dama da hagu ban tuna da wuyana ba. Bayan haka Allah ya sake haɗa ni da dattijon nan a tasha, na shiga gidan gaba, na duba saman kujerar, sai ga ramuka biyu kawai inda ya kamata matokarin ƙeya ya zauna. Na ce, "Baba, ina abin nan na nan wurin?" Ya ce, "Ai yana gida, Malam, na cire shi ne don yana tare wa fasinjan baya iska." Na ba shi labarin asubar nan tun daga farko har muka iso inda zan sauka, ya yi shiru yana saurare, da na miƙa masa kuɗin mota sai ya ce in Allah ya kai mu gobe zai sa yaro ya nemo shi a ƙarƙashin gado.